Gidan burodi: a ina kuɗin fulawa ke zurarewa?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni, masu gidajen burodi ba su huta ba. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, saboda haka duk motsin da dala ta yi, sai ya bayyana a kan buhun fulawa. Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne zagaye kasuwar Singa a Kano, ko wajen dilolin garinsu, suna neman wanda zai rage musu naira dubu ɗaya a buhu. Ba laifi ba ne, amma a ganina ba daga nan ya kamata a fara ba. Farashin buhu daban, kuɗin da kowane burodi ya ci kafin ya isa hannun mai saye daban, kuma na biyun ne ke nuna ko akwai riba.

A fara da sikeli. Buhu mai kilo 50, idan aka zuba masa ruwa kamar lita 28 zuwa 30, da sukari, da bota, da gishiri, da yis, kwaɓin yakan kai kilo 85 zuwa 90, gwargwadon haɗin kowane gida. A ce kilo 88 aka samu, ana yanka giram 400. Burodi 220 ke nan. Idan mai yanka yana aiki da kintace, hannunsa yana ƙara giram 20 a kan kowane curi, 209 za a samu. Burodi 11 sun tafi a buhu ɗaya, kuma babu dilan da zai yi maka rangwamen da ya kai kuɗinsu. Gidan da ke kwaɓa buhu biyar a rana, sai ya lissafa abin da yake kyautarwa a wata.

Haka batun fulawa mai araha yake. Fulawa ba ɗaya ba ce wajen shan ruwa. Mai ƙarfi takan ɗauki lita 30 kwaɓin ya tsaya da kyau, mai rauni kuwa tun a lita 27 ta fara sakin jiki tana manne wa inji. Bambancin kilo uku na kwaɓi ya haura burodi bakwai. Araha ba ta ado. Kafin a sauya kamfani, a sayi buhu biyu kawai, a ɗora kowanne a sikeli tun bai buɗu ba, don akan samu buhun da aka tsakura a hanya aka sake ɗinkewa. A duba ranar da aka niƙa. A kwaɓa da haɗin da aka saba, ba tare da an taɓa yis ko sukari ba, a rubuta ruwan da ya sha da adadin burodin da ya fito, sannan a ajiye guda biyu a ga yadda laushinsu zai kasance bayan kwana biyu. Idan aka sauya fulawa da yis da bota a rana ɗaya, burodin ya lalace, ba wanda zai san wanne ne ya jawo.

Sai bashi, wanda a nan ne ƙananan gidaje suka fi cutuwa ba tare da sun lura ba. Dila ya ba ka kaya, ka biya bayan mako, amma ya ɗora wani abu a kai. A ce buhu naira 60,000 ne kuɗi hannu, 62,000 a bashin kwana bakwai. Dubu biyun nan ta fi kashi 3 cikin 100 a mako, ta fi kashi 13 a wata. Ba kowa ne zai iya fita daga wannan lokaci guda ba, jarin ba ya kaiwa. Abin da ke yiwuwa shi ne a riƙa sayen buhu ɗaya cikin biyar da kuɗi hannu, a ware rarar da aka samu kada ta shiga cefane, har ta isa sayen na biyu.

Kuma kada a yi wa tsohon dila wulaƙanci don an ga sabon farashi. Mutumin da ya ɗauke ka lokacin da babu, ranar da fulawa ta yi wuya shi zai ɓoye maka buhu goma. A je masa da takarda: "Alhaji, ga abin da nake ɗauka a wata, ga farashin da aka yi mini a wani wuri, idan zan riƙa biyan rabi nan take, nawa za ka bar mini?" Yawanci sukan sassauta, ko a farashi, ko su ɗauki nauyin kawo kaya har ƙofa. Na fi son a bar masa kaso mafi tsoka, a ba dila na biyu kamar kashi 30 cikin 100, don a riƙa sanin gaskiyar kasuwa.

Haɗa kuɗi da wasu gidaje a yi sari tare yana rage farashi sosai, tirela guda takan ɗauki buhu 600. Inda ake samun matsala shi ne ba a rubuta komai tun farko: wa zai riƙe kuɗi, wa zai biya mota da 'yan dako, wa zai ɗauki asarar buhun da ya fashe. A biya ta taransifa kai tsaye zuwa asusun mai kaya, kowa ya riƙe rasit. Sannan kada a kwaso abin da ya fi ƙarfin sito. Da damina fulawa na jan danshi, ta dunƙule, ƙwaro ya shiga. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango, a riƙa fara amfani da wanda ya riga zuwa. Kayan mako uku zuwa huɗu sun isa.

Yis ma ana ɓarnarsa. Da bazara, a watannin Maris zuwa Mayu, kwaɓi na tashi da wuri, ya yi tsami, ya zube a cikin gwangwani. Maganinsa ruwan sanyi ko ƙanƙara a wajen kwaɓi, da rage yis kaɗan. Da hunturu kuwa ruwa mai ɗumi ake so, da ƙarin lokaci, ba a yi ta antaya yis ba. Burodinmu mai sukari ne, don haka a nemi yis ɗin da aka rubuta a jikinsa cewa na kwaɓi mai zaƙi ne, domin wanda ba irin wannan ba, sukari na danne shi. Abin da ba a ragin kuɗi da shi ko kusa shi ne sinadarin buromet, wanda wasu ke zubawa a kwaɓi don burodi ya ƙara kumbura. Hukumar NAFDAC ta haramta shi saboda illarsa ga lafiya, kuma akwai ingantattun magungunan kumbura burodi da aka amince da su.

Mafi wuyar sauyin ba a kasuwa yake ba, a cikin gida yake. Mai kwaɓin da ya shekara ashirin yana aiki zai ji kamar an raina shi ranar da aka ajiye masa sikeli. A zauna da shi, a yi lissafin burodi 11 ɗin nan a gabansa, a kuma sa masa wani abu a kan duk buhun da ya cika adadi. In ba haka ba, sikelin zai koma lungu kafin mako ya zagayo.

Kwantai shi ne na ƙarshe da za a sa wa ido. Burodin da ya dawo daga masu shayi da shaguna ya riga ya ci fulawa, da itace ko gas, da leda, da kuɗin mota. A buɗe littafi, kowane mai ɗauka da shafinsa: nawa ya karɓa, nawa ya dawo da shi, a wace rana. Bayan mako biyu za a ga wanda ake tura wa fiye da abin da yake iya sayarwa, da ranakun da ciniki ke ja da baya, sai a rage kwaɓin waɗannan ranaku da rabin buhu.