Godiya bayan aikin jijiyar wuyan Baba karo na biyu

Alhamdulillahi. An sallami Baba, yana gida, maganarsa tar, yana takawa da ƙafarsa. A madadin iyalanmu ina miƙa godiya ga duk wanda ya kira, ya zo dubiya, ko ya sa mu a addu'a daga nesa. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Da yawanku kun tambaye ni: ba an riga an yi masa aikin nan ba? Har na ji ana raɗe-raɗin wai likitocin farko ne suka yi sakaci. Ba haka ba ne, kuma bai kamata in gode wa mutane in bar zargi a kansu ba.

Jijiyar karotid tana hawa ta gefen wuya, ta rabu biyu a ƙasan muƙamuƙi: reshe ɗaya ya kai jini ƙwaƙwalwa, ɗayan ya kai fuska. A wannan mararraba ce ta Baba ta cushe da kitse, aka zura masa sitent ta matsematsi, wato ƙaramin bututun raga na ƙarfen naitinol, don kare shi daga shanyewar ɓarin jiki. To amma jijiyarsa mai karkace ce. Ragar ta miƙar da inda ta zauna, lanƙwasar ta koma can bakinta na sama, ta ƙara tsanani.

A nan ne bayanin likitar jijiyoyin ya fi kama hankalina. Jinin da ke gudu a miƙe yana gogar bangon jijiya, kuma wannan gugar ce ke sa fatar cikin jijiyar ta zauna lafiya. Inda jini ya rage gudu, ko yake kai da komo, sai ƙwayoyin bangon su shiga hayayyafa, nama ya tofo ta cikin ragar, hanya ta sake tsukewa. Kamar kwanar kogi ne, inda ruwa ya lafa nan yashi ke taruwa. Ba tsohon kitsen ne ya dawo ba, sabon nama ne, kuma galibi cikin shekara biyun farko yake bayyana. Ciwon sukarin Baba ya ƙara wa abin ƙarfi. A babban binciken CREST da aka yi a Amurka da Kanada, kusan kashi 6 cikin 100 na waɗanda aka sa wa sitent sun sami sake tsukewa mai tsanani cikin shekara 2, kusan daidai da waɗanda aka tsaga wa wuya aka kankare jijiyar.

Godiya ta musamman ga ma'aikaciyar sikanin Dopla, wato hoton da ke auna gudun jini a cikin jijiya. Baba bai ji komai a jikinsa ba, har cewa yake yi zuwan ɓata lokaci ne. Ita ce ta lura gudun jini ya haura a bakin ragar. Likita kuma ba ta yi gaggawa ba. Ta ce jijiya mai sitent ta fi tauri, don haka awon gudu kan nuna sama da gaskiya, sai da hoton siti sikan ya tabbatar sannan aka buɗe wurin da balan-balan. Wannan natsuwar ta burge ni fiye da aikin kansa.

Ga nas-nas ɗin dare da suka yi ta awon jininsa suna haƙuri da tambayoyina, mun gode. Yaya, kai ka ɗauki nauyin da ba ka so a faɗa, don haka na yi shiru. Mama kuwa ita ke riƙe da asfirin da kulofidogirel (masu hana jini daskarewa) da maganin kitse, ba ta bari lokaci ya wuce.

Roƙo ɗaya ga masu zuwa dubiya: don Allah kada kowa ya ba shi shawarar rage ƙwayoyin nan don an ga ya murmure, kuma mai shan sigari ya yi nesa da ɗakinsa. Akwai sauran sikanin a gaba, za mu sanar da ku sakamako in sha Allahu.