Abin da zana hanyoyin ƙafa a OpenStreetMap ke koya wa mutum

Hanyar masu tafiya a ƙafa da ke bin gefen titi iri biyu ake nuna ta a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa. Ko a sa wa titin kansa alamar sidewalk=both, left ko right (wato gefe biyu, hagu ko dama), ko a ja mata nata layin daban da highway=footway da footway=sidewalk. Dukansu karɓaɓɓu ne. Ɓarnar tana zuwa ne daga wanda ya ɗauki na biyun bai kai aikin ƙarshe ba.

Za ka tarar an zana layi tsaf a gefen titi daga hoton tauraron ɗan'adam, an tafi an bar shi ba a haɗe da komai ba. A ido kamar an gama. Amma manhajojin da ke lissafa hanya, irin su OSRM da GraphHopper, ɗigon haɗi kawai suke bi. In layin ƙafa da titi ba su yi tarayya a ɗigo ɗaya ba, mai son tsallakawa zuwa ginin da yake hange sai a zagaya da shi har mararraba ta gaba, ko a ce masa babu hanya. Abin takaicin, mai zanen ya riga ya wuce wata unguwa, gyaran kuma ya faɗo wa wani, ɗigo bayan ɗigo.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri yake so. A kowane wurin tsallakawa ja gajeren layi mai highway=footway da footway=crossing ya ratsa titin, ka haɗa su a ɗigo guda, ka sa masa highway=crossing. Sannan ka koma kan titin ka rubuta sidewalk=separate, don na bayanka ya san an riga an zana ta daban. Inda hanyar ƙafa ta sauko bakin titi, ɗigon kerb=lowered (an saukar da bakin titin) ko kerb=raised (bakin titin yana da tudu) shi ke gaya wa mai keken guragu ko zai iya wucewa, don haka kada ka sa shi da ka, sai wanda ya je wurin ya gani.

Hagu da dama a alamar sidewalk suna bin inda layin titin ya fuskanta ne, duba kibiyarsa kafin ka rubuta. Hoton sama yakan goce da 'yan mitoci, daidaita shi da layukan GPS tukuna. Matakala highway=steps ce. Kafin ka tura aiki, kunna mai binciken kurakurai na JOSM, manhajar gyaran taswirar, zai nuna maka layukan da suka gitta juna ba haɗi. In kuwa ba ka da lokacin zana mashigai, sa wa titin sidewalk=both ka bar shi haka.