Abin da jinin yaro ke faɗa kafin zazzaɓin dengi ya tsananta

Babbar matsalar likitan yara a garuruwan da zazzaɓin dengi ya yi katutu, irin su Ho Chi Minh a Biyetnam ko Cali a Kolombiya, ita ce yaran da ake kawo masa a rana ta farko ko ta biyu ta rashin lafiya duk kamanninsu ɗaya ne: jiki ya yi zafi rau, ga ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci da ƙuraje. Mafi yawansu za su warke cikin mako guda ko biyu. Kaɗan daga cikinsu kuwa, tsakanin rana ta uku da ta bakwai, daidai lokacin da zazzaɓin ya sauka iyaye suka fara hamdala, sai ƙananan jijiyoyin jininsu su fara yoyo, ruwan jini ya tsiyaye zuwa cikin ciki da ƙirji, jinin ya yi kauri, hannuwa da ƙafafu su yi sanyi. Wannan mawuyacin hali ba ya wuce awa 24 zuwa 48, kuma idan aka riski yaron da ƙarin ruwa gwargwadon buƙata, mace-mace kan koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Amma babu asibitin da zai iya kwantar da kowane yaro mai zazzaɓi a lokacin annoba. Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce, shin akwai wata alama a jikin yaron tun da wuri da za ta nuna wanda ya kamata a riƙe?

Masu bincike sun nemi amsar a aikin ƙwayoyin gado na garkuwar jiki. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado wajen 20,000 da ke ba da umarnin haɗa sinadaran jiki, kuma kusan kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da su gaba ɗaya, kamar littafi guda ne a hannun kowa amma kowa da shafin da ya buɗe. Idan cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jini sukan kunna wasu su kashe wasu, kuma kowace da aka kunna tana fitar da saƙo da ake kira RNA. Da ɗan jini kaɗan ana iya ƙidaya waɗannan saƙonni dubbai a lokaci guda, a ga abin da garkuwar jiki take yi a wannan sa'ar.

Sakamakon farko da ya ja hankalina ya fito ne daga Biyetnam, daga ayyukan Cameron Simmons da abokan aikinsa na cibiyar binciken Jami'ar Oxford da ke Asibitin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi a Ho Chi Minh, a 2007 kan manya, sannan a 2009 kan yara. Akwai wani sinadari mai suna intaferon wanda jiki ke saki da zarar ƙwayar bairos ta shigo, shi ne ke tayar da ɗaruruwan ƙwayoyin gado masu hana bairos hayayyafa. Mutum zai zaci waɗanda cutar ta fi galabaitarwa su ne za su fi nuna wannan aiki. Sai aka tarar da akasin haka: a jinin waɗanda jijiyoyinsu suka yi yoyo har jini ya kasa zagayawa, saƙonnin da intaferon ke tayarwa sun yi ƙasa idan aka kwatanta da na masu sauƙin ciwo.

Dole a yi taka-tsantsan da wannan sakamako, domin lokacin ɗaukar jini yana da tasiri ƙwarai. Aikin intaferon yakan yi sama a kwanakin farko, ya sauka yayin da bairos ke raguwa a jini, shi kuwa yoyon jijiya yana zuwa ne a daidai wannan gaɓa ta sauka. Saboda haka yana yiwuwa abin da aka gani alama ce ta cewa ciwon yaron ya riga ya yi nisa, yana kuma yiwuwa raunin martanin farko ne ya buɗe wa cutar ƙofa. Wannan ne ya sa nake ganin binciken da ya ɗauki jinin yara tun kafin su tsananta, ya kuma bi su har ƙarshen jinya, ya fi daraja nesa ba kusa ba.

A Kambodiya, wani bincike da aka wallafa a 2010 kan yara 48 na asibitin Kampong Cham ya ƙara haske. A yaran da jininsu ya kasa zagayawa, saƙonnin fararen ƙwayoyin jini da ake kira T da NK, waɗanda aikinsu shi ne gano ƙwayoyin halittar da bairos ya shiga su halaka su, sun ragu, yayin da saƙonnin kumburi da na gyaran nama da ya lalace suka ƙaru. A 2010 ɗin dai, wani binciken Biyetnam kan yara da matasa ya nuna cewa saƙonnin da ke da alaƙa da nutrofil, wani rukunin fararen ƙwayoyin jini mai zubar da sinadarai masu ƙarfi, sun fi yawa tun da wuri a jinin waɗanda daga baya suka tsananta. Idan aka haɗa waɗannan, hoton da ke fitowa shi ne na garkuwar jiki da ta rikice: ɓangaren da ke kai hari da saiti ya ja baya, ɓangaren da ke ɓarin wuta ba zaɓi ya yi gaba, kuma bangon jijiyoyin jini ne ke ɗaukar asarar, ga shi kuma sinadarin NS1 da bairos ɗin kansa ke fitarwa yana ƙara raunana wannan bango.

Me ke jefa garkuwar yaro cikin wannan ruɗani? Wani ɓangare na amsar ya girmi duk waɗannan gwaje-gwaje. Dengi iri huɗu ne, kuma tun shekarun 1960 masanin cutar Scott Halstead ya lura a Bankok cewa mummunan nau'in ya fi kama yaran da suka kamu a karo na biyu da wani iri daban, da kuma jarirai 'yan watanni da kariyar da suka samo daga uwa ta fara dusashewa. Sinadaran kariya na kamuwar farko sukan maƙale wa sabon bairos ba tare da sun kashe shi ba, su kuma sauƙaƙa masa shiga cikin fararen ƙwayoyin jini. Kuba ta ga haka a zahiri: iri na ɗaya ya ratsa tsibirin a 1977, iri na biyu ya biyo baya a 1981, mutum 158 suka rasu, 101 daga cikinsu yara. Akwai kuma rabon gado. A 2011 an kwatanta yaran Biyetnam sama da 2,000 da jininsu ya kasa zagayawa saboda dengi da wasu kusan adadinsu da ba su shiga wannan hali ba, aka gano bambanci a ƙwayoyin gado biyu, MICB da PLCE1, kuma ta farkon tana da hannu wajen sanar da ƙwayoyin NK inda cuta take. Wannan dacewa tsakanin binciken gado da binciken saƙonni tana ƙara mini yarda cewa hanyar da aka ɗauka mai ɓullewa ce.

Daga nan aka koma neman gwajin da zai yi aiki a asibiti. A Jami'ar Stanford, Shirit Einav da Purvesh Khatri sun tattara bayanan bincike da dama daga ƙasashe daban-daban, suka fitar da ƙwayoyin gado 20 a 2019 waɗanda aikinsu ke hasashen tsanantar ciwo, sannan a 2022 suka fitar da wani jerin na guda 8 kacal, suka gwada a kan marasa lafiya 377 a Kolombiya, inda hasashen ya fi dogaro da alamomin gargaɗi na asibiti kaɗai, musamman wajen tantance waɗanda ba za su tsananta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin likitan da ya iya sallamar yara da natsuwa zai samu gadon da zai ba wanda ke cikin haɗari. Sai dai har yanzu gwajin na ɗakin bincike ne, bai zama abin da ma'aikacin lafiya zai yi a ƙaramin asibiti ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kusan duk waɗannan yara 'yan Asiya ne da Kudancin Amurka, alhali cutar tana nan a wajenmu. A Ibadan aka fara gano bairos ɗin dengi a Afirka tun shekarun 1960. A 2023 Burkina Faso ta yi fama da annobar da ta kashe mutum wajen 700, Chadi ta ayyana ɓarkewarta a Abeche, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, kuma ta tabbatar da ita a Sakkwato. Sauron da ke yaɗa ta, mai zanen fari da baƙi, da rana yake cizo, yana kuma hayayyafa a randuna da tsofaffin tayoyi, gidan sauron dare ba ya isa ya kare yaro daga shi. Zazzaɓi da yawa da ake yi wa maganin maleriya ba tare da gwaji ba na iya zama dengi. Bincike a Kuba da Haiti ya nuna alamun cewa masu asalin Afirka ba su cika shiga mummunan nau'in ba, amma mace-macen Wagadugu da Bobo-Dioulasso a Burkina Faso sun isa su hana mu sakin jiki da wannan. Yaron da ya tashi cikin maleriya a kai a kai, ko mai sikila, ko mai ƙarancin abinci mai gina jiki, garkuwarsa ta sha wata tarbiyya daban, don haka babu tabbacin cewa ƙwayoyin gado 8 da suka yi aiki a Cali za su yi aiki a Kano ko Zinder sai an gwada a kan yaranmu, a asibitocin koyarwarmu.

Kafin a kai can, abin da ke hannun iyaye da ma'aikatan lafiya shi ne sa ido a ranar da zazzaɓi ya sauka. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga dasashi ko hanci, kasala mai yawa ko rashin natsuwa, da sanyin hannu da ƙafa, kowanne ɗaya ya isa a garzaya da yaro asibiti a wannan sa'ar. A ba shi farasitamol da ruwa mai yawa, a kuma nisanta shi daga asfirin da ibufrofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini.