Masu raya daji: daga mai renon dashe zuwa mai share hanyar wuta

Ranar dashen itatuwa ce kowa ke gani a talabijin, manyan baƙi na zuba ruwa ana tafi. Dashen nan kuwa ya riga ya ci aikin wani na wata uku zuwa huɗu, kuma sai wasu sun yi rani biyu ko uku suna tsare shi daga awaki da wuta kafin a kira shi bishiya.

Mai reno ne ke fara aiki, tun watan Maris ko Afrilu. Yana haɗa yashi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya ya cika ledoji. Ɗanyen taki ƙone tsiro yake yi, ya kuma jawo gara. Iri mai taurin ɓawo, kamar bagaruwa da gawo, ba a shuka shi haka nan: a tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin ya kwana a ciki. Inda sababbin hannu suka fi yin ɓarna shi ne wajen saiwa. In leda ta daɗe a wuri guda, saiwar kan huda ta ta kama ƙasa, ranar ɗauka a tsinke ta, dashe ya yi yaushi tun a mota. Shi ya sa ake ɗaga ledojin duk sati biyu ana datse abin da ya leƙo. Saura sati biyu zuwa uku a dasa, a rage ban ruwa, a janye inuwa. Ana dasawa ne bayan damina ta kankama, a rami mai zurfin santimita 40, a yage ledar a cire ta gaba ɗaya. Wanda ya dasa a ƙarshen Satumba, kuɗi kawai ya binne.

Akwai kuma masu raya daji da ba sa taɓa leda. A yankin Maraɗi, tun wajen 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Daga nan aka samu abin da ake kira sassaben zamani. Manomi ya zaɓi kututturen kalgo ko sabara ko magarya, ya bar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi, ya sare sauran da adda mai kaifi, saran yana yin sama don kada ɓawo ya ɗaye. An ƙiyasta cewa hanyar ta maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. A ganina darasinta mafi girma na tsaro ne: a Ɗan Saga da ke yankin Agye, sai da mutanen gari suka kafa kwamitin sa ido kan masu sara da dare kafin itatuwan suka tsira.

Sai wuta. Shekarar da aka yi damina mai albarka ita ce shekarar da malaman daji ba sa barci, domin ciyawa ta yi kauri, ta bushe a Oktoba, ga iskar hunturu daga arewa maso gabas. Garwashin shayi da aka tashi aka bari, guntun taba, masu farautar gafiya, masu cin zuma, ko ƙona kara a gona, kowanne ya isa ya cinye makiyayar da dabbobi za su yi rani a kanta. A wuraren kiwo irin su Abalak da Bermo a Nijar, aikin kaka shi ne share hanyar tare wuta: fili mai faɗin mita 15 zuwa 20, a kankare shi da manjagara da fartanya har ƙasa ta fito, kuma ya gitta iska. Hanyar da ta bi tsawon iska ba ta tare komai. In an share da wuri ƙasa na da laima, ciyawa ta sake tsirowa. In an makara, wutar ta riga ku. Ciyawar da aka tara dole a kwashe ta, a ɗaure a adana ko a sayar. Barin ta jibge a bakin hanya gada ce aka gina wa wuta.

In ta tashi, ba a tarar ta ta goshi. Ana bin gefenta da ɗanyen reshe da shebur, ana kaɗa harshen wutar zuwa inda ya riga ya ƙone, mutum na tsaye inda zai iya komawa cikin toka in iska ta juya. Kunna wata wuta a gabanta don su haɗu su mutu aikin ƙwararre ne, ba na mai ɗoki ba.

Mai son ya mai da wannan sana'a yana da ƙofofi. A Najeriya akwai kwalejojin gandun daji na tarayya a Jos da Ibadan da Afaka ta Kaduna, a ƙarƙashin cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan. A Nijar akwai makarantar koyon aikin raya karkara ta Kollo. Hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, mai kula da shirin dashen itatuwa don tare hamada, wadda doka ta kafa a Najeriya a 2015, tana aiki a jihohi 11 na arewa, daga Kebbi zuwa Borno. Ana neman wanda ya iya auna fili da GPS, ya karanta hoton tauraron ɗan'adam, ya kuma iya zama da mai gari da arɗo a daidaita inda burtali zai bi. Mai ƙirga shi ma ana bukatarsa, amma a watan Mayu, bayan rani ya gama nasa, ya bi layi-layi ya rubuta dashe nawa suka rayu cikin ɗari, a san yawan da mai reno zai tanada don cike gurbi.