Yadda ake karanta hasken fashewar taurari kafin ya dushe

Ranar 17 ga Agusta, 2017, da misalin ƙarfe 1:41 na rana agogon Najeriya da Nijar, na'urorin LIGO guda biyu da ke Amurka suka ji wata girgiza ta ratsa sararin samaniya, irin wadda ke tasowa idan abubuwa biyu masu tsananin nauyi suka yi karo. Ba a cika daƙiƙa biyu ba sai tauraron ɗan'adam na Fermi ya tsinkayi walƙiyar hasken gama, wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, daga wannan ɓangare na sama. Da aka haɗa bayanan da na na'urar Virgo da ke Italiya, an iya killace yankin da abin ya faru, sai dai yankin yana da faɗin da zai ɗauki cikakken wata fiye da 100, kuma a lokacin rana ce tsaka a ƙasar Chile, inda manyan na'urorin hangen nesa na kudancin duniya suke. Dole aka jira magariba. Bayan kusan awa 11, wata ƙaramar na'ura mai suna Swope, wadda faɗin madubinta mita 1 ne kacal, ta gano wani sabon ɗigon haske a gefen gungun taurari na NGC 4993, wanda nisansa da mu ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan 130.

Na sha kallon hoton da Swope ta ɗauka, kuma gaskiyar magana ita ce ba ya faɗa wa mutum komai sai cewa jiya babu ɗigo a nan, yau kuma akwai. Tauraro na iya fashewa a kowane gungu ba tare da yana da wata alaƙa da girgizar da LIGO ta ji ba. Abin da ya raba gardama shi ne aikin wata na'ura da ake ɗaurawa a bayan madubin hangen nesa, wadda ba a cika ambatonta a labarai ba, wato na'urar rarraba haske, ko sifektirogiraf.

Aikinta bai da wuyar fahimta. Hasken da madubi ya tattaro yana shiga ta wata siririyar tsaga, ya faɗa kan gilashin da aka yi wa dubban ƙananan zane a jere, sai ya watsu launi-launi kamar bakan gizo, sannan kyamara ta auna ƙarfin kowane launi. Duk mai tsohon faifan CD a gida zai iya gwada wannan da kansa. Idan ka karkata faifan a gaban kyandir za ka ga launukan sun bi juna babu yankewa, daga ja zuwa shuɗi, amma idan ka karkata shi a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki irin mai murɗaɗɗen gilashi, za ka ga launukan sun rabu gunduwa-gunduwa da duhu a tsakaninsu, domin sinadaran da ke cikin ƙwan wasu launuka ƙididdigaggu kawai suke fitarwa. Haka ma idan gishiri ya zuba a wutar girki harshen wutar ya koma rawaya, sinadarin sodiyam ne ya sa hannu. Kowane sinadari yana da nasa layukan, masu haske ko masu duhu, a wuraren da ba sa canzawa cikin bakan haske, kuma daga waɗannan layuka ne masana falaki ke karanta abin da tauraro ya ƙunsa. Daga launin da ya rinjaya suna gane zafinsa. Daga yadda layukan suka gusa ko suka yi faɗi suna gane saurin da abin ke tafiya, kamar yadda ƙarar odar mota ke sauya amo idan ta nufo ka da kuma bayan ta wuce.

Joseph von Fraunhofer ne ya fara ƙirga layukan duhu a hasken rana a 1814, ya sami sama da 500, sannan Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka nuna a Heidelberg wajen 1859 zuwa 1860 cewa sinadarai ne ke haddasa su. Ba a jima ba aka juya dabarar kan abubuwa masu wucewa. A watan Mayu na 1866 wani tauraro mai suna T Coronae Borealis ya yi haske kwatsam, William Huggins ya duba shi daga Landan ya ga layukan haidirojin suna ƙyalli. A husufin rana na 18 ga Agusta, 1868 kuma, cikin 'yan mintocin da duhu ya rufe sassan Indiya, aka duba harsunan wutar da ke gefen rana, binciken da ya kai ga gano wani layi rawaya da bai dace da sodiyam ba. Hiliyam ke nan, wanda ba a same shi a doron ƙasa ba sai 1895.

Matsalar da ke tattare da abubuwa masu gajeren zamani ita ce bakan haske yana da tsada ta fuskar lokaci. Hoto yana tara dukkan hasken tauraro a ɗigo ɗaya, ita kuwa na'urar rarrabawa tana shimfiɗa wannan haske ɗin kan ɗaruruwa ko dubban gurabe, don haka abin da kyamara za ta ɗauka cikin rabin minti yana iya cin rabin awa ko fiye, kuma a kan madubi mafi girma. Ban da haka, tsagar da haske ke shiga ƙanƙanuwa ce ainun, sai an san ainihin inda abin yake kafin a saita ta. Ga shi kuma darare a manyan na'urori an riga an rarraba su tun watanni kafin lokacin, kowane mai bincike ya rubuta takardar neman izini, kwamiti ya zauna ya tantance. Saboda haka aka fito da tsarin katse aiki, inda wasu ƙungiyoyi ke samun izini tun da wuri cewa idan abu kaza ya auku, za a dakatar da duk wanda ke kan na'ura a juya ta wajensa. A na'urar VLT da ke dutsen Paranal a Chile har an kai ga tsarin da saƙo daga tauraron ɗan'adam na Swift ke iya sa a dakatar da aiki a juya madubi mai faɗin mita 8.2 cikin 'yan mintoci. Ina jin tausayin ɗalibin da ya jira wata shida ya sami dare ɗaya, sannan a tsakiyar aikinsa a ce masa ya yi haƙuri, amma tauraronsa yana nan gobe da baɗi, shi kuwa wancan hasken kafin asuba ya ragu ninki-ninki.

Mu koma ga ɗigon NGC 4993. A daren farko, cikin ɗan lokacin da ya rage kafin abin ya faɗi yamma bayan rana, na'urorin Magellan masu madubin mita 6.5 suka ɗauki bakansa sau biyu, da tazarar awa ɗaya. Abin da aka gani bai yi kama da kowace fashewar tauraro da aka sani ba. Hasken shuɗi ne, kusan babu wani layi bayyananne a cikinsa, kuma tsakanin awo na farko da na biyu zafinsa ya sauko daga kimanin 11,000 zuwa kimanin 9,300 a ma'aunin Kelbin. Fashewar tauraro ta yau da kullum takan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta sauya haka. Lissafi ya nuna tarkacen yana watsuwa da gudun da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na gudun haske, kuma wannan gudu shi ne ya shafe layukan, ya haɗe su suka zama tudu da kwari masu faɗi. Da a ce an makara da kwana biyu, wannan shuɗin haske da babu wanda zai taɓa ganinsa.

Daga nan sai aka shiga karɓa-karɓa, kowace nahiya tana ɗauka idan magariba ta zo mata. Na'urar SALT da ke Sutherland a Afirka ta Kudu ta sami nata awon, ita kuma na'urar X-shooter ta VLT, wadda ke iya ɗaukar bakan haske tun daga abin da ya wuce shuɗi har zuwa abin da ya wuce ja a lokaci guda, ta bi shi dare bayan dare fiye da mako ɗaya. Cikin 'yan kwanaki hasken ya rikiɗe daga shuɗi zuwa ja, sannan ya koma can inda idon ɗan'adam ba ya gani. Wannan shi ne abin da aka yi hasashe tun da farko game da karon taurarin niyutiron biyu, wato ragowar manyan taurarin da suka mutu masu tsananin nauyi, irin karon da LIGO ta ji, cewa za a ƙera sinadarai masu nauyi a cikin tarkacen, kuma wasu daga cikinsu za su tare shuɗin haske kamar labule. Ana kiran irin wannan fashewa kilonoba.

A nan ne nake da ƙorafi a kan yadda aka yayata labarin. Kusan kowace kafa ta ce an ga inda ake ƙera zinariya. Akwai hujjar lissafi mai ƙarfi cewa an samar da zinariya da filatinam a wannan karo, amma a cikin bakan hasken babu wanda ya nuna layi ya ce ga na zinariya. Sinadari na farko da aka iya kama sunansa shi ne sitironshiyam, wanda ke ba wasan wuta launin ja, kuma sai a 2019 Darach Watson da abokan aikinsa suka fitar da wannan sakamako bayan sun sake nazarin awon X-shooter. Ko shi ma wasu masana suna muhawara kan ko hiliyam na da hannu a wannan alama. A ganina wannan ya fi labarin zinariyar armashi, domin yana nuna cewa awon 'yan darare ya zama ajiyar da ake ta komawa kanta shekaru bayan hasken ya ɓace.

Irin wannan ya faru tun da farko da walƙiyar hasken gama. An shafe shekara sama da 20 ana jayayya kan ko a cikin gungun taurarinmu take aukuwa ko a can nesa, har sai da na'urar Keck da ke Hawaii ta ɗauki bakan ragowar hasken walƙiyar 8 ga Mayu, 1997, aka ga layukan sun gusa zuwa ja ta yadda dole hasken ya yi tafiyar biliyoyin shekaru.

Akwai wani reshe na wannan aiki da ya fi burge ni, wato kama fashewar tauraro a awanninta na farko. Babban tauraro kan zubar da iskar gas a kewayensa a shekarunsa na ƙarshe. Idan ya fashe, walƙiyar farko tana haskaka wannan gas ɗin, sai siraran layuka su bayyana a bakan haske, amma cikin 'yan kwanaki tarkacen fashewar zai iso ya share shi baki ɗaya. Wanda ya auna a wannan ɗan tsakani ya karanta halin da tauraron ke ciki gab da mutuwarsa. Avishay Gal-Yam da tawagarsa sun nuna haka da fashewar SN 2013cu, wadda aka auna kimanin awa 15 da rabi bayan aukuwarta. A ranar 19 ga Mayu, 2023 kuma, Koichi Itagaki, wani Bajapane mai sha'awar kallon taurari, ya gano SN 2023ixf a gungun M101, tafiyar haske ta shekara miliyan 21 daga nan, kuma cikin 'yan awanni na'urar Liverpool mai sarrafa kanta da ke tsibirin La Palma ta auna bakansa, aka ga siraran layukan kafin su ɓace.

Inda aikin ya cushe a yau shi ne yawa. Duk sabon ɗigon da aka kai rahotonsa ana yi masa rajista da haruffan AT a gaban shekara, wato abin da ba a riga an tantance ba, kuma ba ya zama SN, wato tabbatacciyar fashewar tauraro, sai an sami bakan haskensa an tabbatar da nau'insa, bisa rabon da ya samo asali daga Rudolph Minkowski a 1941, inda mai layukan haidirojin ke shiga nau'i na biyu, marar su kuma nau'i na ɗaya. Mafi yawan abubuwan da ke cikin rajistar har yau AT suke, domin sun dushe kafin layi ya zo kansu. Cibiyar hangen taurari ta Vera Rubin da ke dutsen Cerro Pachón a Chile, mai madubin mita 8.4 da kyamarar megafiksel 3,200, wadda ta fitar da hotunanta na farko a watan Yuni na 2025, an tsara ta ne don ta riƙa aiko da miliyoyin sanarwa kowane dare, alhali na'urar rarraba haske mai tsaga ɗaya ko ta yi ƙoƙari 'yan gomomi za ta auna kafin gari ya waye. Don haka yanzu kwamfutoci ne ke tace sanarwar su zaɓi wadda ta cancanta, kuma abin da ke damuna shi ne manhajar da aka horar da abubuwan da aka riga aka sani tana iya watsar da baƙon abu, alhali baƙon ne ake nema.

Shi kuwa T Coronae Borealis da Huggins ya duba, ya sake tashi a 1946, shekara 80 bayan na farko, kuma an yi ta hasashen zai tashi a 2024, shekarar ta wuce bai motsa ba. Duk lokacin da ya tashi, kwanaki kaɗan ne za a gan shi da ido kafin ya koma duhu, shi ya sa masu sha'awar falaki a ƙasashe da dama suke saita ƙananan na'urorinsu na rarraba haske a kansa duk daren da sama ta washe, domin a sami awon yadda yake kafin tashin da kuma na awannin farko bayansa.