Kifin da ya dace da ƙaramin kududdufin gida a Zariya

Duk wanda ya gina ƙaramin kududdufi na siminti a tsakar gida, ba tare da injin juya ruwa ba, zai ji mutane suna ce masa ya zuba tarwaɗa, domin ita ce kowa ya sani. Gaskiya ne tarwaɗa tana da juriya, tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska idan ruwa ya lalace, amma ni ban ga dacewarta da mai neman hutu ba. Ci gare ta, kashinta yana ɓata ruwa cikin 'yan kwanaki, babba tana haɗiye ƙarama, sannan da damina takan fito ta bi ƙasa da dare idan bangon bai yi tsawo ba.

Karfasa ta fi sauƙin hali. Tana cin gansakukar da ke jikin bango, tana cin ganyen zogale da dusa, ƙananan kuma suna tsince tsutsar sauro, wanda ba ƙaramin amfani ba ne a unguwannin da ruwa ke kwanciya daga Yuni zuwa Satumba. Aibinta ɗaya, haihuwa: uwar tana ɗaukar ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, kafin ka ankara kududdufin ya cika da 'ya'yan da ba sa girma. Saboda haka a nemi maza zalla wurin masu ƙyanƙyasa, a kuma taƙaita. Guda 5 ko 6 sun ishi ruwan da bai wuce lita 1,000 ba. Mai son ado kawai yana iya zuba jan kifin nan da ake sayarwa cikin gilashi, wanda ya fi karfasa jure sanyi.

Wajen abinci ne akasari ake yin ɓarna, musamman a gidan da ke da yara, inda kowa ke son ya watsa nasa. A riƙa ba kifayen abincin buhu mai yawo a saman ruwa, sau ɗaya a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 5, abin da ya rage kuma a kwashe da rariya. Ragowar tuwo da shinkafa mai maiƙo ba su da gurbi a nan, domin nutsewa suke yi su ruɓe, su cinye iskar da kifin ke shaƙa. Idan da asuba aka ga karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, to a dakatar da abinci, a rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan a zuba sabo.

Hunturun Zariya yana da nasa hukunci. A Disamba da Janairu, idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, karfasa takan rage ci sosai, don haka a bari sai rana ta ɗaga kafin a ba ta, wani lokaci ma a tsallake kwana. Zafin Maris da Afrilu kuwa inuwa yake bukata, kuma bado ko kainuwa suna wadatarwa, muddin ba su rufe fiye da rabin saman ruwan ba.

Sabon siminti yana da kaifin da ke kashe kifi, sai an jiƙa shi an zubar da ruwan sau da yawa cikin makonni biyu ko uku. Ruwan famfo ma a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen baho saboda maganin da ake sa masa, kafin a juye shi a kan kifin.