Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mutumin Lodz

Kawu, Allah ya jiƙansa, ya koma ga Mahaliccinsa bai janye maganarsa ba, wai wanda ya karanta kuɗi a littafi ko tireda ba zai iya riƙewa ba. Ya faɗa ranar da zan tafi Polan, ya maimaita ranar da na dawo, a gaban Inna da mutanen da suka zo yi mini barka da sauka. Shi ya sa yau na ajiye zancen auren Yaya da na yi muku alkawari, na ɗauko Jerzy Kropiwnicki, masanin tattalin arziki na garin Lodz a Polan.

A Lodz ake fara sauke ɗaliban waje su koyi yaren ƙasar, can na faɗa a ƙarshen 1980. Garin masaƙu ne, jan bulo da hayaƙi, kuma mata ne suka fi yawa a bakin injin. Da 1981 ta shigo nama ya koma sai da kati. Ka ga tsohuwa cikin layi tun duhun asuba, da jakar raga a hannu, ta kai gaban kanta ta tarar da ƙugiyoyin rataye nama wayam. A ƙarshen Yuli matan suka cika titin Piotrkowska da zanga-zangar yunwa, wasu na tura jarirai a keke.

Kropiwnicki malamin tattalin arziki ne a jami'ar garin, yana kuma cikin shugabannin ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc a yankin. Ban taɓa zama ajinsa ba, sunansa dai ba ya barin bakin ɗalibai. Ranar 13 ga Disamba Janar Jaruzelski, shugaban gwamnatin ƙasar, ya kafa dokar soja, aka katse wayoyi, Kropiwnicki kuma aka kama shi, sai 1984 ya shaƙi iskar waje. To Kawu, ɗan boko ne wannan, ga shi ya yi zaman kaso saboda ma'aikata. Kai wa ka taɓa tsaya wa?

Na san amsar da zai ba ni, domin daga baya abin ya ɗan karkata wajensa. Mutumin ya yi ministan ƙwadago a 1991, ya zama magajin garin Lodz a 2002, amma masaƙun da suka durƙushe bayan kasuwar Tarayyar Sobiyat ta tafi ba su tashi ba. Babbar masaƙar Poznanski ma kantuna ta koma a 2006, ana ce mata Manufaktura. Duk lokacin da na bi ta masaƙun Kakuri a Kaduna sai in ce mutanen Lodz gara su, ko ginin sun tsira da shi. A Janairun 2010 mutanen garin suka tsige shi da ƙuri'ar raba gardama. Da Kawu na raye, da har gida zai aiko a faɗa mini.

Ni dai ban yarda ba. Wanda aka zaɓa sau biyu ya riƙe babban gari ya wuce a gwada shi da mai tireda. A 2016 ma an sa shi cikin majalisar da ke tsara kuɗin ruwa a babban bankin ƙasar.

Takardata kuwa, da na dawo gida neman aiki, wani babban ma'aikaci ya juya ta gaba da baya ya ce digirin 'yan gurguzu ne, in je in dawo. Wanda ya kai masa gulmata ɗan gidanmu ne, kuma ya san na sani. Shi za mu taɓa mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.